Sittin da Ukun da Na Ware

5 ga Maris

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, ina gaida Yaya da maigidanta da duk mai shiga da fita a gidan. Baba ya gaya mini an cire miki zaren gwiwa, har kin taka daga ɗaki zuwa bakin ƙofa ba sanda. Sai da na sa ya maimaita, don tun ranar da aka yi miki aikin hankalina bai kwanta ba. Alhamdu lillahi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta yi mini kwana huɗu ta tafi.

Na san rabon da mu haɗu tun ina aji uku a sakandare, kuma ke 'yar ƙanin kakana ce, ba dole ne in ɗora miki damuwata ba. Amma ke kaɗai ce a danginmu kika yi aikin asibiti, kuma kin ce wa Baba in ina da magana in rubuto, waya ba ta riƙe zance.

Yau wata biyu da kwana uku da na fara aiki a sashen bincike na asibitin koyarwa a nan ƙasar Turawa. Gwajin wata shida aka ɗauke ni, ƙarshen Yuni za a ce in zauna ko in tafi. Muna gwada wata sabuwar na'urar yatsa, irin wadda ake maƙala wa majinyaci ta nuna yawan iskar oksijin da ke jininsa. Daidai lokacin da na'urar ta ba da lamba, Anti mai ɗibar jini za ta ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu, a auna a inji. Lambar jinin ita ce gaskiya. Aikina in rubuta lambobin biyu gefe da gefe a babban littafin sashe.

Akwai doka manne a bango saman teburina: in lambobin biyu suka bambanta da fiye da maki huɗu, a ware su, a ɗauka majinyacin ya motsa hannu ko yatsansa ya yi sanyi. Na bi ta. Cikin awo 812 na ware 63.

Makon jiya Anti ta leƙo ta kafaɗata tana cire safar hannu, ta ce, "Ke dai kullum mutanena kike zubarwa. Me suka yi miki?" Ta yi dariyarta ta wuce. Ni da ita kaɗai ne baƙaƙe a sashen.

Na koma na ƙirga. Muna da kati mai launin fata goma, kowane majinyaci ana rubuta lambarsa. Masu lamba bakwai zuwa goma, wato irinmu, su 190 ne. Cikin 63 ɗin da na ware, 51 nasu ne. Sama da kwata ɗinsu ke nan, alhali sauran mutane bai kai biyu cikin ɗari ba. Kuma a 47 daga cikin 51 ɗin na'urar ce ta faɗi fiye da abin da ke jini. Akwai wani dattijo da ta ce 95, jininsa ya ce 88. Ke kin fi ni sanin abin da mai jinya za ta yi in ta ga 95: wucewa za ta yi gado na gaba.

Na ƙirga sau uku, Gwaggo. Hannuna ne a ƙasan kowane shafi. In na yi magana, ko a ce ni na ɓata aikin, ko a ce sabuwar yarinya ta shigo da zancen launin fata inda ake maganar kimiyya. In na yi shiru, rahoto zai fita ya ce na'urar daidai take a kan kowa. Muna taro da Farfesa, shugaban sashe, duk Litinin. In faɗa a can?

'Yarki

14 ga Maris

Malama Daidai,

Wa alaikumus salam. Ashe har yanzu kina nan da halinki. "Wata biyu da kwana uku." Kina ƙarama ma in an aike ki sayen ashana sai kin zauna kin ƙirga tsinken.

Gwiwa da sauƙi. Sandar dai na jingine ta bayan ƙofa don kada ta ji na wulaƙanta ta. Yayarki ta yi nauyi ƙwarai, ko yau ko gobe, don haka a tsaye nake miki wannan rubutun.

Na karanta takardarki sau biyu. Ki rufe bakinki a taron Litinin. Kada ki tare Farfesa a baranda, kada ki raɗa wa kowa a wurin shan shayi. Irin wannan magana ba a faɗinta da baki, balle daga bakin mace sabuwar zuwa.

Ki gaya mini abu biyu. Littafin nan naku ɗinkakke ne mai lamba a kowane shafi, ko irin wanda ake zare takarda? Kuma wa ke duba shi bayanki?

Ki ci abinci, ubanki ya ce kin rame. Ki gaida mai ɗibar jinin nan, idonta yana aiki.

Gwaggonki

26 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina yi wa Yaya fatan sauka lafiya. Na ji daɗin labarin sandar.

Na yi yadda kika ce. Litinin biyu ke nan ban buɗe baki ba. Dama ba wanda ke jiran in buɗe. Tun makon farko aka miƙo mini takardar rubuta bayanin taro, wai mata sun fi kyan rubutu. Wanda muka shigo rana ɗaya da shi, digirinmu iri ɗaya, shi aka ba wa kula da injin. Jiya Dakta mai jan biro, shi ne na biyun Farfesa, ya nuna zanen sakamako a bango, layi ya miƙe sumul. Farfesa ya ce, "Aiki ya yi tsabta." Dakta ya ce, "Ai yarinyar lambobinmu ba ta barin datti." Suka dube ni suna murmushi, ni ma na yi, sannan na rubuta a bayanin taro cewa an yaba da tsabtar sakamako.

A makon nan na ƙara ware uku. Lambar fatarsu takwas, takwas, da tara. Jimla 66.

Ba zan ɓoye miki ba, amsarki ta yi mini nauyi. Inna ma haka ta ce, in kama kaina in riƙe aikina, mutanen nan ba sa'o'ina ba ne. Daga gare ta ban yi mamaki ba. Amma ke da kika yi shekara talatin a kan majinyata na ɗauka wata magana za ki yi mini. Wataƙila kun fi ni gaskiya. Zan ƙarasa wata shidan in gani.

Tambayoyinki: littafin ɗinkakke ne, shafi 200, kowanne da lamba, da biro ake rubutu, ba a gogewa, sai dai a ja layi ɗaya. Duk Juma'a da ƙarfe uku nake kai wa Dakta, ya sa hannu da kwanan wata a ƙasan nawa, alamar ya karanta ya shaida. Ban gane me ya haɗa wannan da maganata ba.

'Yarki

29 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Yau kwana 34 da na aiko miki takarda, ban ji komai ba. Na sake karanta kwafin da na ajiye, na ga inda na ce na ɗauka wata magana za ki yi mini. Bai kamata ba. Ki yafe mini, ba rashin kunya na nufa ba. Na tambayi Baba, ya ce kina lafiya, ya ce Yaya ta haihu, namiji. Allah ya raya. Ko wannan kaɗai ya sauke mini rabin abin da ke raina, don na fara tunanin gwiwar ce ta tashi.

An rufe ɗaukar awo. Ranar 31 ga Mayu za a tura rahoton ga mujalla da kamfanin da ya ƙera na'urar. Na ga daftarin. A shafi na shida an rubuta cewa ba a ga bambanci tsakanin launukan fata ba. Gaskiya ne ba a gani ba, tunda ni na cire shi.

Anti ta daina tsokanata. Da ta ci gaba da ya fi mini sauƙi.

'Yarki

6 ga Mayu

Malama Daidai,

Jiya na dawo daga gidan Yayarki, na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa, ɗaya har kyankyaso ya ɗanɗana gefenta. Haihuwar ta zo da tangarɗa, sai da aka yi mata aiki, na yi sati bakwai a can ina wankan jariri da gwiwa ɗaya. Yanzu uwa da ɗa duk lafiya, yaron sai ci kamar wanda aka biyo. Ba fushi nake ba. In ina fushi da mutum ba shiru nake masa ba, tambayi ubanki.

Amma kin ba ni haushi ta wani wajen. Ni ce zan ce miki ki bar dattijo da 88 ana ce masa 95? Laifina ne, na rubuta a tsaye na bar miki rabin magana. Ga sauran.

Ina shekara ta shida a ɗakin jarirai na lura ana sallamar yaranmu da shawara a jikinsu, sai bayan kwana uku a dawo da su sun galabaita. Littafin da aka koyar da mu duk hotunan fararen jarirai ne, an ce ki duba fata ta yi rawaya. A baƙin jariri me za ki gani? Sai na koma duba dasashi da farin ido, kusa da taga, ba ƙarƙashin fitila ba. Na kama da yawa. Na tare babban likita a baranda na gaya masa. Ya ce, "Sista, ku dai ku riƙa auna zafin jiki a kan lokaci." Bayan wata takwas ya tsaya gaban manya ya yi bayanin abin a matsayin abin da ya gano. Ina wurin, ni na jera kujerun. Sunan bai dame ni ba kamar wata takwas ɗin. Na san yara nawa aka dawo da su a tsakani, ba zan rubuta miki adadin ba.

Da na sa a takarda da kwanan wata aka sa hannu, da bai isa ya ce bai ji ba, daga baya kuma bai isa ya ce shi ya gani ba. Maganar baranda a baranda take ƙarewa. Shi ya sa na tambayi littafin. Su suka kafa dokar Juma'ar nan da hannunsu, to ki kai musu ta ƙofar da suka buɗe. Ki rubuta komai a shafi na gaba: su wa aka ware, launinsu, abin da na'ura ta ce, abin da jini ya ce. Kada ki sa kalmar wariya, kada ki sa laifin kowa, har naki. Lambobi kawai, wannan kuwa ba wanda zai koya miki. Ki fara da wanda ya fara gani da ranar da ya gani. Sannan ki kai wa mai jan biron nan ya sa hannu kamar kullum.

Tsoro kuwa ba zai tafi ba, ki tafi da shi.

Gwaggonki

21 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da ɗanmu mai ci. Takardarki ta iso ranar Talata 14 ga wata. A tsaye na karanta ta a bakin get, na sake karantawa a zaune. Hankalina bai kwanta ba sai da na kai inda kika ce ba fushi kike ba.

Bari in faɗa miki a jere.

Laraba da Alhamis na rubuta. Shafi na 143 zuwa 147. Na je wurin Anti na nemi rajistarta, don ita tana rubuta ko yatsa da ɗumi, ko majinyaci ya motsa. Ba wanda ya taɓa ce mata ta yi, kuma ba wanda ya taɓa neman gani. Cikin mutanenmu 54 da aka ware, shida ne kawai suka motsa ko yatsansu ya yi sanyi. Ta ce, "Me za ki yi da shi?" Na ce littafi zan sa. Ta dube ni ta ce, "To ki ci abinci tukuna, kada ki faɗi a ofishin mutane a ce ni ce."

Juma'a ƙarfe uku na shiga wurin Dakta. Yana waya. Ya miƙo hannu ya karɓi littafin, ya buɗe, ya sa hannu a 143, ya juya, 144, har 147, bai kalli layi ko ɗaya ba. Ya turo mini yana ci gaba da maganarsa. Ashe haka yake yi tun Janairu, ni ce ban taɓa lura ba, don kullum kaina a ƙasa yake.

Na ɗauki littafin na kai bakin ƙofa. Na samu abin da kika ce, ga sa hannu ga kwanan wata. Amma sa hannun nan cewa yake an karanta, kuma ba a karanta ba. Na dawo na tsaya har ya gama wayar, minti goma sha ɗaya, akwai agogo a bayansa.

Ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Dakta, ka sa hannu amma ba ka karanta ba."

Ya ce, "Na yarda da ke ai."

Na ce, "Na gode. Amma wannan karon ka karanta."

Ya ja tsaki kaɗan ya buɗe. A shafi na biyu ya cire tabarau ya goge. A na uku ya ɗauki jan biron, na ce shi ke nan, sai na ga lissafin yake sakewa a gefen jarida. Ya fito daidai da nawa. Ya ce, "Wa ya sa ki wannan?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Kin san saura sati biyu a tura rahoto?" Na ce na sani. Ya daɗe yana kallon sa hannunsa, sannan ya tashi ya ce in biyo shi.

Farfesa ya karanta shafi biyar ɗin har ƙarshe. Da ya gama ya ce a cire masa dokar da ke bango a kawo. Na je na ɓalle ta, har ta bar farin murabba'i a fenti. Ya riƙe ta ya ce shi ya rubuta ta shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da duk waɗanda ake gwadawa ɗalibansa ne, kuma a cikinsu ba mai fata irin tawa ko ɗaya. A kansu dokar ta yi aiki, sai ba wanda ya sake tambayarta. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Abin da ya ce shi ne a mayar da 66 ɗin duka, a dakatar da rahoton, shi zai kira kamfanin da kansa. Kafin mu fita ya ɗaga waya ya gaya wa shugabar masu jinya cewa in baƙin majinyaci yana haki, kada a tsaya ga lambar yatsa, a ɗebi jini. Wannan ne ya sa na zauna a kujera ba a ce in zauna ba.

Jiya Litinin aka zo maganar sunayen da za su hau sabon rahoton. Aka sa nawa na uku. Na ce saura Anti. Dakta ya ce ba al'adar sashe ba ce, masu ɗibar jini a wurin godiya ake sa su a ƙasa. Farfesa ya buɗe shafi na 143 ya karanta layin farko da ƙarfi, inda na rubuta cewa ita ta fara lura ranar 28 ga Fabrairu. Ya ce, "Ga hannunka a ƙasa, Dakta." Aka wuce magana ta gaba. Da na gaya wa Anti ta ce, "Shekara goma sha bakwai ina huda mutane, sai da na yi wasa za a rubuta ni? To ku dai rubuta sunan daidai."

Ba komai ne ya gyaru ba. Dakta yana amsa gaisuwata da hanci, kuma har yanzu ni ke rubuta bayanin taro. Amma an ce in je ofishin ma'aikata ranar Alhamis, za a ba ni shekara ɗaya, don za a sake awon da ƙarin mutum 200 masu lamba bakwai zuwa goma, kuma ni aka ba wa neman yardarsu.

A nan ne nake sake buƙatarki. Mutanenmu sun fi kowa ƙin yarda a sa su cikin bincike. Wata mata ta taɓa ce wa Anti, "In magani ne mu ne ƙarshe, in gwaji ne mu ne farko." Ba zan iya cewa ƙarya take ba. Kuma ɗibar jinin wuyan hannu ba wasa ba ce. Takardar da ake karanta musu ta ce "ɗan tsini kaɗan". Me zan ce musu?

'Yarki

30 ga Mayu

Malama Daidai,

Muna lafiya. Na leƙa gidan Yayarki na karanta mata takardarki tana shayarwa. Da muka zo wurin minti goma sha ɗaya ta yi dariya har sai da ta dafe ɗinkinta, ta ce in gaya miki ke za ki biya in ya warware. Ni kuwa da ni ce da na fita da sa hannun nan na yi gaba abina. Ban koya miki komawar nan ba, kuma ita ce ta yi aikin.

Ki bar mai jan biro da hancinsa, zai gaji.

Maganar mutanenmu. Kada ki tsaya a kansu da farar riga da takarda a hannu. Ki jawo kujera ki zauna, idonki daidai nasu. Kada ki ce musu ɗan tsini ne. Yana da zafi, ki ce yana da zafi, kuma wurin zai yi tsami har washegari. Ki gaya musu na'urar tana yi wa fata irin tasu ƙarya, ke kika ƙirga da hannunki, kuma jininsu ne zai nuna iyakar ƙaryar. Wanda ya ce a'a ki yi masa sannu da jiki kamar wanda ya ce to, gobe ma ki leƙo ki gaishe shi. 'Yan ɗaki suna kallon yadda kika yi da wanda ya ƙi kafin su yanke nasu.

Amma kafin ki zauna gaban kowa, ki je wurin Antin nan ki naɗe hannun riga ki miƙa mata wuyan hannunki. In sun tambaye ki yaya zafin yake, ki faɗa musu daidai.

Gwaggonki